Zargin alƙali ana gab da ƙuri'ar "a bar shi ko a cire shi": tambayoyin da 'yan jarida ke yawan yi

A wasu jihohin Amurka sunan alƙali kan fito a takardar ƙuri'a shi kaɗai, a tambayi jama'a ko ya ci gaba da zama a kan kujerarsa. Makonnin da ke gab da wannan ƙuri'a su ne lokacin da takardun zargi suka fi zuwa hannun masu ɗauko labarin kotu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan tasowa tsakanin wakilai, editoci, ɗaliban aikin jarida, da masu kawo wa Hausawa labarin zaɓen Amurka. Bayani ne na aiki, ba ya maye gurbin lauyan gidan jaridarku.

Wane irin zaɓe ne wannan da alƙali ke tsayawa babu abokin karawa?

A tsarin da aka fi sani, gwamna ne ke naɗa alƙalin daga cikin sunayen da wani kwamitin tantancewa ya miƙa masa. Bayan ya ɗan jima yana aiki, sai a sa sunansa a takardar ƙuri'a da tambaya guda: a bar mai shari'a wane ya ci gaba, e ko a'a? Babu sunan jam'iyya a gefensa, babu wanda ke neman kujerar. In "a'a" ta yi rinjaye, ya sauka, a cike gurbin da wani. Kalifoniya ta fara haka ga manyan kotunanta a 1934. Missouri ta haɗa shi da kwamitin tantancewa a 1940, shi ya sa har yau ake kiran tsarin da sunanta. Kusan jihohi 20 ke amfani da shi a wani mataki na kotunansu.

Kowace jiha da nata salon. A Illinois da Pennsylvania, alƙali kan fara shigowa ne ta zaɓen jam'iyya, daga baya ya koma fuskantar e ko a'a. Illinois na buƙatar kashi 60 cikin 100 na "e", New Mexico kashi 57, sauran kuwa galibi rinjaye kawai. Alƙalan tarayya ba sa cikin wannan lissafi, tunda naɗinsu na har tsawon rai ne. Kada kuma a haɗa shi da kiranye, kamar wanda aka yi wa mai shari'a Aaron Persky a Kalifoniya a 2018, wanda jama'a ne suka tara sa hannu suka tilasta a yi. Japan ma tana da irin wannan ƙuri'a ga alƙalan Kotun Ƙolinta tun 1949, amma ba a taɓa cire ko ɗaya ba.

To, alƙalai na faɗuwa kuwa, ko dai al'ada ce kawai?

Kusan dukkansu suna tsallakewa. A gundumar Cook, inda birnin Chicago yake, daga 1990 ba a sake kayar da alƙali ba sai 2018, lokacin da Matthew Coghlan ya kasa kai kashi 60. A Oklahoma ba a taɓa cire alƙalin Kotun Ƙoli ta wannan hanya ba sai 2024, da Yvonne Kauger ta faɗi.

Wannan ƙarancin shi ne ke ƙara wa labarinka nauyi. A zaɓen gwamna akwai 'yan adawa, akwai muhawara, akwai tallace-tallace daga kowane ɓangare. A ƙuri'ar alƙalin gunduma, sau da yawa mai zaɓe bai taɓa jin sunan ba sai a labarinka, kuma ba zai sake jin sa a wani wuri ba kafin ya dangwala.

Mene ne rashin ɗa'ar alƙali, kuma mene ne ba shi ba?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Rashin ɗa'a shi ne abin da ya saɓa wa ƙa'idojin halayyar alƙalai na jihar: karɓar na goro, sauraron shari'ar da yake da hannun jari ko dangi a ciki ba tare da ya janye ba, ganawa da ɓangare ɗaya a bayan idon ɗayan, cin zarafin ma'aikata ko neman su da lalata, wulaƙanta masu ƙara a zaure, barin shari'o'i su yi ta kwana babu dalili, amfani da muƙami don ceton ɗan'uwa daga hannun 'yan sanda. Hukuncin da bai yi wa mutane daɗi ba, ko da kotun sama ta soke shi, ba ya cikin wannan jeri. Maganin kuskuren hukunci ɗaukaka ƙara ne.

Manyan faɗuwar da aka sani yawancinsu a kan hukunci aka yi su. A 1986 masu zaɓen Kalifoniya sun cire babbar joji Rose Bird tare da Cruz Reynoso da Joseph Grodin, kuma batun hukuncin kisa ne ya ja gaba. Penny White ta faɗi a Tennessee a 1996, ita ma a kan shari'ar kisa. A Iowa a 2010 an cire Marsha Ternus, David Baker da Michael Streit saboda hukuncin 2009 da ya halatta auren jinsi. A Alaska a 2018 Michael Corey ya rasa kujerarsa bayan ya amince da wata yarjejeniyar amsa laifi da ta bar wani mutum da ya shaƙe wata mata bai koma gidan yari ba, alhali Majalisar Shari'ar jihar ta ba da shawarar a bar shi, kuma 'yan majalisar dokoki sun toshe giɓin da ke cikin dokar a shekarar da ta biyo baya. Jama'a na da cikakken 'yancin cire alƙali don ba su son hukuncinsa, kai ma kana da 'yancin ba da labarin fushinsu. Abin da bai halatta gare ka ba shi ne ka ɗauki kalmar masu kamfe, da ke kiran kowane hukunci "cin amana", ka sa ta a bakin jaridarka.

Kwatanta da abin da ya faru da Jackie Portman-Brown a gundumar Cook a 2020. Hoton bidiyo ya nuna ta sa wata ƙaramar yarinya daga danginta a ɗakin tsare waɗanda ake tuhuma a bayan kotu. An ɗauke ta daga sauraron shari'o'i, kuma a Nuwamba ta gaza kai kashi 60. Wannan batun hali ne, kuma hujjarsa abu ce da kowa ya gani da idonsa.

Wani ya kawo mini kofin koken da ya shigar gaban hukumar ladabtar da alƙalai. Ba labari ba ne wannan?

Tukuna. Kowace jiha tana da irin wannan hukuma, Kalifoniya ce ta fara kafa tata a 1960, kuma kowa na iya rubuta mata koke. Babu kuɗin shigarwa, babu wanda ke tace takardar kafin a buga mata hatimin "an karɓa". Mafi yawan koke-koken ana rufe su tun a matakin farko, domin galibi daga mutanen da suka sha kaye a shari'a suke fitowa, suna neman hukumar ta yi musu aikin kotun ɗaukaka ƙara.

Masu kamfe sun san haka sarai. Hanya ce mai araha: a shigar da koke ran Litinin, a raba wa 'yan jarida kofi ran Talata, ran Laraba a ga kanun labari cewa "ana binciken mai shari'a wane". Koke ba bincike ba ne. Akwai matakai, kuma kowanne da sunansa: an shigar da koke, hukuma ta buɗe binciken farko, ta gabatar da tuhuma a hukumance, an yi zaman sauraro, an yanke hukuncin ladabtarwa. Ka ɗauki takardar a matsayin bakin zare. In abin da ke ciki ya tabbata ta hanyar da kai ka bi da ƙafarka, labarinka a kan abin da alƙalin ya aikata ne, koken kuwa layi ɗaya ne a ciki. Amsar da ke magana kan abin da za a tabbatar kafin bugawa ta yi bayanin yadda ake bin zaren.

Saura 'yan kwanaki a yi zaɓe. In buga ko in jira a gama?

Abin da ya faru a Kalifoniya a 1978 ya cancanci kowane edita ya san shi. Da safiyar ranar zaɓe, 7 ga Nuwamba, jaridar Los Angeles Times ta fito da labari daga majiyoyin da ba ta ambaci sunansu ba, cewa Kotun Ƙolin jihar ta riga ta yanke shawara a shari'ar Tanner, wadda ta shafi dokar tilasta ɗaurin wanda ya yi amfani da bindiga wajen aikata laifi, amma ana jan ƙafa wajen fitar da hukuncin sai an wuce zaɓe. Rose Bird, wadda gwamna Jerry Brown ya naɗa a 1977, tana kan takardar ƙuri'a a ranar. Ta sha da ƙyar da kashi 51.7. Ita da kanta ta nemi a bincika. Hukumar ladabtarwa ta yi zaman sauraro a 1979, wani sashe a bainar jama'a, alƙalan Kotun Ƙoli suna ba da shaida, daga ƙarshe ta rufe batun ba ta tuhumi kowa ba. Zargin da ya ci wa hukuma kusan shekara guda kafin ta warware, sa'o'i kaɗan aka ba mai zaɓe ya yanke hukunci a kansa, kuma babu sauran wata fitowar jarida da kotun za ta mayar da martani a ciki kafin a rufe rumfuna.

Sai dai wanda ya ɗauki darasin nan a matsayin "a yi shiru in zaɓe ya matso" ya karanta rabi ne. Wa'adin alƙalan nan dogo ne: shekara 12 a manyan kotunan Kalifoniya, 10 a Pennsylvania, 6 ga alƙalan gunduma a Illinois. In kana riƙe da tabbataccen labari ka ajiye shi sai bayan ƙuri'a, ka yanke wa mai zaɓe hukunci da kanka, kuma ba zai sake samun dama ba sai yaran da ke firamare sun gama sakandare. Riƙewa ma shiga zaɓe ce, a ɓangaren alƙalin.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Da a watan Maris ne, babu wata ƙuri'a a gaba, da hujjar da ke hannunka yanzu, za ka buga? In e, buga, kuma da wuri ya fi, don a samu kwanakin martani da gyara. In a'a, kusantowar zaɓe ba za ta cike maka abin da ya rage ba. Wasu gidajen jaridu kan sa wa kansu ƙa'idar cewa ba sa fito da sabon zargi a kwanakin ƙarshe sai in takarda ce ta hukuma ko abu ne da ya faru a lokacin. Ƙa'ida ce mai kyau muddin an rubuta ta tun kafin a san wanda za ta shafa.

Ranar zaɓen ce ma'aunin "ya yi latti"?

Yanzu ba ita ba ce. Kolorado na fara aika wa masu zaɓe takardunsu ta gidan waya kimanin kwana 22 kafin ranar, Arizona na buɗe zaɓen wuri kwana 27 kafin nan, sojoji da mazauna ƙetare kuwa ana aika musu kwana 45 kafin zaɓen tarayya. Labarin da ya fito ƙarshen Oktoba ya tarar da ɗimbin mutane sun riga sun jefa tasu. Mai bibiyar alƙalan da ke kan takarda ya kamata ya fara tono fayiloli tun watanni kafin nan, tunda sunayen waɗanda wa'adinsu ke ƙarewa sananne ne tun farkon shekara.

Me ya kamata in tabbatar kafin in buga?

Shari'ar Harte-Hanks da Connaughton ta 1989 ta amsa wannan fiye da kowane littafin koyarwa. A garin Hamilton na jihar Ohio, a 1983, Daniel Connaughton na takarar kujerar alƙalin birni da mai ci, wanda jaridar Journal News ta kamfanin Harte-Hanks ke goyon baya. Ana saura mako guda zaɓe, jaridar ta buga a shafin farko zargin wata mata cewa Connaughton ya yi mata da 'yar'uwarta alkawarin aiki da tafiya Florida don su ba da bayani a binciken cin hanci da ake yi wa wani jami'in kotun. Jaridar ta yi hira da mutane da dama, duk sun musanta. Amma ba ta nemi 'yar'uwar ba, wadda ita ce za ta iya gaskata maganar ko ta rushe ta, kuma ba ta saurari kaset ɗin da Connaughton ya ba ta ba. An ci ta diyyar dala 200,000, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta tabbatar, tana mai cewa wannan kauce wa gaskiya ne da gangan. Zaɓen karawa ne, ba na e ko a'a ba, amma darasin ɗaya ne: mutumin da kake jin tsoron kira domin kada ya ɓata maka labari, shi ne na farko da za ka kira.

A aikace, je rajistarar kotu ka karanta fayil ɗin shari'ar da kanka, kada ka dogara da shafuka uku da majiya ta zaɓo maka. Nemi rubutaccen bayanin zaman kotu, ko sautinsa in ana ɗauka. In zargin na kuɗi ne, duba takardun bayyana kadarori da alƙalai ke cikewa da rajistar filaye da ta kamfanoni, ka dace ranakun: yaushe ya mallaki abin, yaushe shari'ar ta zo gabansa. In na jinkiri ne, kwatanta shi da takwarorinsa masu sauraron irin shari'o'insa, domin adadi shi kaɗai ba ya nuna komai. Haka ma yawan hukunce-hukuncen da aka soke: alƙalin da ya yi shekara 20 a sashen manyan laifuka dole ya tara fiye da wanda ya yi 4 a sashen gado.

Lauyoyi su ne suka fi sanin halin alƙali, kuma su ne suka fi tsoron a ambaci sunansu, tunda gobe a gabansa za su tsaya. Ana iya sakaya su, amma ka nemi abin da za a iya dubawa: rana, lambar shari'a, wanda ke zaure. Lauyoyi biyar daga ofishi ɗaya majiya ɗaya ce.

Majiyata na da wata manufa a fili. In watsar da bayanin?

A'a. Kusan duk wanda zai kawo maka zargin alƙali yana da dalili: korarren ma'aikaci, lauyan da aka ci tara, ƙungiyar da ke son gwamna ya samu gurbin da zai cike da nasa. Mai ƙiyayya na iya faɗin gaskiya. A batun Coghlan, tushen maganar ƙara ce da wasu mutum biyu da aka saki bayan fiye da shekara 20 a kurkuku suka shigar, suna zargin cewa yana da hannu a ƙulla musu sharri lokacin yana mai gabatar da ƙara, shi kuma ya musanta. Masu ƙarar na da buƙatarsu, amma takardun na gaban kotu, kowa na iya karantawa.

Tambayi majiyar abu biyu: tun yaushe take da bayanin, kuma me ya sa sai yanzu. Wanda ya riƙe takarda wata takwas ya kawo ta ana saura kwana biyar yana son ne lokaci ya ƙure maka. In ka buga, gaya wa mai karatu daga wane ɓangare abin ya fito, da wanda ke biyan kuɗin kamfen ɗin "a'a" in akwai.

Alƙalin ya ce ƙa'ida ta hana shi magana. Gaskiya ne ko zillewa?

Yakan zama duka biyun. Ƙa'idojin da yawancin jihohi suka ɗauko daga samfurin Ƙungiyar Lauyoyin Amurka sun hana alƙali yin kalaman da za su iya shafar shari'ar da ba a gama ba, har da wadda ke matakin ɗaukaka ƙara. Amma samfurin nan kansa ya ba shi damar mayar da martani, da bakinsa ko ta wani, kan zargin da ya shafi halinsa, muddin bai taɓa sakamakon shari'ar ba. Zargin cewa ya yi wa magatakarda tsawa ko bai bayyana wani gida ba, babu ƙa'idar da ta ɗaure masa baki a kai.

Aika masa tambayoyi a rubuce, dalla-dalla, kowane zargi da ranarsa, ka ba shi lokacin da mutum mai zaman kotu daga safe zuwa la'asar zai iya amsawa a ciki. Kiran waya ƙarfe biyar na yamma kan labarin da zai fita ƙarfe shida ba neman jin ta bakinsa ba ne. In bai amsa ba, nemi lauyansa, kakakin kotu, ko kwamitin da ke mara masa baya. In shari'ar na gudana da gaske, rubuta cewa ƙa'ida ta taƙaita abin da zai iya cewa. "Ya ƙi cewa uffan" a irin wannan hali rashin adalci ne.

Binciken hukumar ladabtarwa sirri ne. Laifi ne in na buga abin da ya fito daga ciki?

A Amurka an rufe wannan babi tun 1978. Jaridar Virginian-Pilot ta buga a 1975 cewa hukumar jihar Virginia na binciken wani alƙali, ta ambaci sunansa. An gurfanar da kamfanin da ya mallake ta, Landmark Communications, aka ci shi tarar dala 500. A shari'ar Landmark Communications da Virginia, Kotun Ƙoli ta ce jiha ba ta da ikon hukunta jarida don ta buga sahihin bayani kan irin wannan bincike. Kariyar ta ɗan jarida ce. Ma'aikacin hukumar da ya tsegunta maka yana iya fuskantar hukunci, don haka yi tunanin makomarsa kafin ka yi masa alkawarin da ba za ka iya cikawa ba.

Matakin da sirrin ke ƙarewa ya bambanta. Kalifoniya ta buɗe zaman hukumarta ga jama'a daga lokacin gabatar da tuhuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1994. Kolorado, wadda ta daɗe cikin jihohi masu tsananin rufa-rufa, sai a 2024 masu zaɓe suka amince da gyaran da ya yi haka. Kuma kada a manta abin da aka faɗa a amsar koke: samun labarin cewa ana bincike bai nuna an samu laifi ba.

Alƙalin zai iya maka ni a kotu, ko ya kama ni da raina kotu?

Raina kotu saboda suka a jarida abu ne mai wuyar gaske a can. Shari'o'in Bridges a 1941, Pennekamp a 1946 da Craig a 1947 sun tsayar da cewa sai rubutun ya zama barazana ta zahiri kuma ta nan take ga gudanar da shari'a. A 1964 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa Jim Garrison, mai gabatar da ƙara na New Orleans, kan caccakar alƙalai takwas. A 1966, a shari'ar Mills da Alabama, ta rushe dokar da ta hana buga sharhin neman ƙuri'a a ranar zaɓe.

Ƙarar ɓata suna kuwa tana nan. Tun shari'ar New York Times da Sullivan ta 1964, jami'in gwamnati sai ya nuna an buga abin alhali an san ƙarya ne, ko an yi ko-oho da yiwuwar hakan. Shinge ne mai tsawo, amma ana haura shi. Bayan Connaughton, akwai Robert Thomas na Kotun Ƙolin Illinois, wanda masu taya alƙali yanke hukunci suka ba diyyar dala miliyan 7 a 2006 kan rubuce-rubucen wani mai sharhi a ƙaramar jaridar Kane County Chronicle. An rage kuɗin daga baya, aka sasanta. Ƙaramar jarida dai ko kuɗin lauya kaɗai na iya durƙusar da ita.

Yaya zan yi da rahoton hukumomin auna aikin alƙalai da na ƙungiyoyin lauyoyi?

Sa su a labarin, amma faɗi abin da suke aunawa. Alaska, Arizona, Kolorado da Utah na da hukumomin da ke tambayar lauyoyi, ma'aikatan kotu da waɗanda suka bayyana gaban alƙali, su fitar da sakamako kafin zaɓe. Ba hukumar ladabtarwa ba ce, kuma ba lallai ta san koken da ke ɓoye a can ba. Duba mutum nawa suka amsa tambayoyin. Masu zaɓe ma ba kullum suke bin ta ba: a gundumar Maricopa ta Arizona a 2022 alƙalai uku suka faɗi, alhali ɗaya ne kawai hukumar ta ce bai cika ma'auni ba.

Wace kalma ce ta fi jawo matsala a kanun labari?

"Badaƙala" da "an bankaɗo". Duka biyun sun yanke hukunci. A Hausa kuma "ana tuhumar" na ɗaukar ma'anar cewa hukuma ta gurfanar da mutum, don haka in koke ne kawai, rubuta wanda ya yi zargin da sunansa ko matsayinsa: "tsohuwar magatakarda ta zargi mai shari'a wane da kaza". "Ana zargin" da babu mai zargi a bayyane mafaka ce ta malalaci. Mai fassara labarin daga kamfanin dillancin labarai ya kula da wannan sosai, domin a wajen taƙaitawa ne "an shigar da koke" ke rikiɗewa ya zama "an kama shi da laifi". A shafukan sada zumunta kanun ne kaɗai ke yawo, martanin alƙalin da ke sakin layi na tara ba ya bin sa.

Mu da ba ma zaɓen alƙalai, ina ruwanmu?

A Najeriya Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda kundin 1999 ya kafa kuma Alƙalin Alƙalai ke shugabanta, ita ke karɓar koke ta ba da shawarar ladabtarwa. Babu ƙuri'ar jama'a. Amma matsalar lokaci mun ɗanɗana ta: ranar 25 ga Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai na lokacin, Walter Onnoghen, bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kan batun bayyana kadarori, ana saura makonni a yi zaɓen shugaban ƙasa da ƙararsa za ta iya ƙarewa a Kotun Ƙoli. Tambayoyi biyu ne suka taso a lokacin, ko zargin gaskiya ne da kuma me ya sa sai yanzu, kuma kafofi da yawa sun zaɓi ɗaya suka bar ɗaya gwargwadon ɓangaren da suke. A Ghana binciken Anas Aremeyaw Anas na 2015 ya kai ga korar alƙalan ƙananan kotuna 20 a Disambar shekarar, domin hujjar bidiyo ce.

Abin da ba ya tsallaka teku shi ne kariyar doka da aka lissafa a sama. A Najeriya ɓata suna na iya zama laifin da ake ɗauri a kansa, an kuma sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 a kan 'yan jarida. Hanyoyin tabbatarwa ne za ka ara, hukuncin Sullivan ba zai tsaya maka a kotun majistare ba.

An gama zaɓe. Shi ke nan?

Yawanci a lokacin ne gaskiyar ke fara fitowa. A Kolorado, jaridar Denver Post ta ruwaito a farkon 2021 zargin cewa an ba wata tsohuwar babbar jami'ar sashen shari'a kwangilar fiye da dala miliyan 2 don kada ta tona asirin wasu alƙalai. Masu binciken da aka ɗauko daga waje sun ce a 2022 ba su samu cewa kwangilar toshiyar baki ce ba, amma sun samu sakaci mai yawa a yadda aka ba da ita. A 2023 aka yi wa tsohon babban joji Nathan Coats jan kunne a bainar jama'a, gyaran tsarin kuma ya zo a 2024. Shekara uku da wani abu ke nan daga zargi zuwa ƙarshen magana.

Rubuta ranar da za ka koma wa hukumar ka tambayi inda koken ya kwana. A wasu jihohin ikonta na ci gaba ko alƙalin ya faɗi ko ya yi murabus, a wasu kuwa fayil ɗin kan mutu da saukarsa, don haka duba dokar jihar. In an wanke shi, labarin wankewar ya fito a inda zargin ya fito, da girman da aka ba shi, a kuma saka bayanin a saman tsohon labarin da ke intanet, tunda shi ne zai riƙa fitowa duk lokacin da aka nemi sunansa. In kuma an same shi da laifi bayan jama'a sun bar shi, sai a koma kan hukumar da tambayar yaushe ta sani, kuma wace doka ce ta hana ta faɗa kafin a jefa ƙuri'a.